Takardar da Baba Ya Sa wa Hannu

Shekara huɗu Auta ta yi a jami'a, amma in aka tambayi Umma me 'yarta take karantawa sai ta ce, "Likitanci ne, amma ba na allura ba." Yayanta kuwa, direban motar kamfanin lemo, Likitar Cokali yake kiranta tun ranar da ya leƙa littafinta ya ga hoton cokali mai kaurin mariƙi. Ta yi bayani har ta gaji. Aikinsu yana farawa ne daga inda likita ya tsaya. Mutum ya tashi daga ciwo ko haɗari, rai ya tsira, amma ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, ba ya iya kai loma baki, balle ya koma sana'arsa. Su ne suke zama da shi su koya wa hannu abin da ya manta.

A farkon shekararta ta ƙarshe ne bayanin ya shigo gidansu da ƙafarsa. Baba mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani kantin magani, inda ya shekara talatin da madubi maƙale a ido ɗaya. Wata safiya hantsaki ya suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Bayan mako uku aka sallamo shi daga asibiti, baki a karkace, hannun dama a naɗe a ƙirji kamar ba nasa ba.

Maganar farko da ya iya haɗawa a gida ita ce, "Kada kowa ya gan ni a haka." Abokansa suka yi ta zuwa, Umma tana tare su a ƙofa tana cewa ya samu barci.

Mutum ɗaya ce dokar ba ta hau kanta ba, wato Lauya. Ƙawar Auta ce tun ranar rajista, ajinsu ɗaya. Iyayenta suna wani gari mai nisa, don haka duk ƙarshen mako a gidan su Auta take, ta san inda ake ajiye gishiri, ta san wace taga ce ba ta rufuwa. Baba ne ya raɗa mata sunan, don ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, shi ma da kansa ya gwada ya haƙura. 'Yata ta biyu yake ce mata.

Su biyu suka ɗauki aikin. Suka tausasa farar roba a tukunyar Umma, suka gwada ta a hannun Baba tun tana da ɗumi, ta zama mariƙin da zai hana yatsun naɗewa. Suka tara marafan kwalba da maƙalan shanya da manyan maɓallai a faranti don ya riƙa ɗauka yana motsa yatsu. Auta ta naɗa tsumma a mariƙin cokali har ya yi kauri. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta sai sun yi rabin awa, in ta dawo su ƙara. Ranar Asabar Lauya ta zo da surutunta, ta sa shi dariya da rabin baki.

Lauya ce ta kawo shawarar ɗaukar bidiyo.

"Ido yana mantuwa," in ji ta. "In muna ɗauka duk mako za mu ga inda aka ci gaba da inda aka tsaya. Wayarki gilashinta a fashe yake, mu yi da tawa."

Baba ya girgiza kai. Auta ta durƙusa gabansa ta riƙe hannun mai lafiya.

"Baba, mu uku ne kawai za mu gani. Ni da kai da ita. Na yi maka alkawari."

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kau da kai. Suka ɗauka ya yarda.

Ana nan lokacin zaɓen kundin kammala karatu ya zo. Malamar da take duba aikin Auta da Lauya, wata mai tattausar murya da ɗalibai suke rububinta, ta kira Auta ofis. Ta riga ta san halin da ake ciki, don ita ta sa hannu a takardar hutun da Auta ta ɗauka lokacin jinya.

"Ga kundi Allah ya kawo miki har gida," ta ce. "Mai gyaran agogo, aikin yatsu zalla. In kika rubuta yadda kika mayar da shi bakin aikinsa, ba wanda zai kamo ki."

"Malama, ba ya son a gan shi."

"To, ke kika sani."

Auta ta koma ta ɗauki wani batu marar armashi, ta riƙa zagaya makarantun firamare da tef tana auna tsayin kujeru da tebura tana gwadawa da tsayin yara. Da ta tambayi Lauya nata batun, sai ta ce wani tsoho ne a asibitin da ta yi sanin makamar aiki. Auta ba ta ƙara tambaya ba. Hankalinta yana kan Baba, wanda a wata na shida ya riƙe sukudireba da yatsu uku ya buɗe bayan agogon bango, ya zauna yana haki kamar wanda ya hau dutse.

Ranar kare kundi ba ƙaramar rana ba ce a sashensu na jami'a. Shugaban babbar cibiyar farfaɗo da majinyata ta garin yakan zo ya zauna a layin gaba, daga nan yake zaɓar mutum biyu da za su yi shekarar horo a wurinsa. Wanda ya samu shiga can ya gama neman aiki. Tun suna aji biyu Auta da Lauya suke cewa guraben nan biyu nasu ne, har sun raba wa kansu ɗakunan haya a baki.

Ɗakin taron ya cika, fanka ɗaya ce take aiki. Lauya ce ta bakwai, Auta ta takwas. Lauya ta hau da farar rigarta a goge, ta gaishe da malamai, ta ce a rage haske. Sai ga falon gidansu Auta a jikin bango, da labulen Umma mai furanni.

Baba yana zaune da singileti. Miyau yana zuba ta gefen bakinsa. Ya ɗaga kofin shayi, hannun ya yi rawa, shayin ya kife masa a cinya. Ya dubi cinyar, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Auta ta tuna ranar. Shi ne karo na farko da ta ga ubanta yana kuka, ta kuma ce wa Lauya ta goge wannan, Lauya ta ce ta goge.

Wani a baya ya ce, "Wayyo, bawan Allah."

Bidiyon ya ci gaba, mako bayan mako. Ana ganin hannaye biyu suna gyara masa yatsu, hannayen Auta ne, ga tabon ƙunar da ta samu a tukunyar roba. An yanke fuskarta, an cire muryarta, muryar Lauya ce take bayani a kai. A ƙarshe bayan agogon ya buɗe, ɗakin ya ɗauki tafi. Shugaban cibiya ya rubuta wani abu a littafinsa.

Wani malami mai furfura ya tambaya ko majinyacin ya amince a nuna shi. Lauya ta ce ƙwarai, ta haska takardar amincewa a bango. A ƙasanta ga sunan Baba da rubutu mai karkarwa.

Auta ta gane rubutun. Ta tuna wata Asabar da aka aike ta sayen magani. Da ta dawo ta tarar da Baba yana murmushi, yana nuna mata alƙalami. Lauya ta ba shi aikin rubutu, ya rubuta sunansa sau goma a takardu daban-daban, karo na farko tun da ya kwanta. Har Umma ta fito daga kicin ta gani.

Aka kira lamba ta takwas. Sai da aka kira sau biyu. Auta ta hau ta yi maganar kujeru da tebura, ta tsallake shafi biyu ba ta sani ba, aka yi mata tambaya ta amsa wata daban. Malamarsu tana zaune a gefe tana duba wayarta.

A ɗakin gwaji ta samu Lauya, ɗakin da aka shirya kamar gida, da gado da ɗan kicin da bahon wanka, inda suke koyon yadda ake tayar da majinyaci. Tana ninke farar rigarta.

"Kafin ki ce komai, ki saurare ni," in ji Lauya.

"Kin ce kin goge."

"Tsohon da na fara da shi 'ya'yansa suka ɗauke shi suka mayar ƙauye, saura wata biyu a miƙa kundi. Me zan yi? In maimaita shekara? Kuma ai ni ma na yi aikin nan. Wa ya yanka robar? Wa yake zuwa duk Asabar? Ke aka fara ba wa, kika ce ba kya so."

"Shi ne ba ya so."

"Ban faɗi sunansa ba."

"Kin nuna fuskarsa. Kin nuna sa hannunsa. Ya san abin da ya sa wa hannu?"

Lauya ta sunkuyar da kai. Auta ba ta taɓa ganin haka ba.

"Da na tambaye shi, da ya ƙi," ta ce can. "Amma ki duba mutum nawa abin zai amfana. In na shiga cibiyar zan yi miki hanya, wallahi."

Auta ta dube ta. Ɗankunnen da yake kunnenta na Auta ne, ta ara mata da safe don ya dace da rigar. Ta juya ta fita.

Washegari ta je wurin Malama. Aka ba ta kujera, aka ba ta ruwa, aka saurare ta har ƙarshe.

"Na ji zafin da kike ji," in ji Malama. "Amma takarda tana nan da sa hannu. Kuma tun jiya aka ɗora bidiyon a shafin sashe na intanet, shugaban cibiya ma ya nemi a tura masa. Ki bari sakamako ya fita tukuna. In kin dage sai an yi ƙara, dokar ita ce majinyacin ya zo da kansa ya faɗa gaban kwamiti. Za ki iya kawo shi?"

Ta san ba za ta iya ba. Ta koma gida, ba ta gaya wa kowa ba. Da Umma ta tambayi ina Lauya, ta ce ta tafi ganin gida. Kwana biyar tana gyara wa Baba yatsu tana kauce wa idonsa.

Rana ta shida mai kantin maganin da shagon Baba yake ƙarƙashin matakalarsa ya zo. Wannan karon bai tsaya jin ya samu barci ba, ya wuce Umma da fara'arsa, waya a hannu.

"Ashe ka zama ɗan fim ba mu da labari! Ɗiyata ce ta turo mini. Duk layinmu an gani, kowa yana yi maka addu'a. Kai, yarinyar nan ta yi ƙoƙari a kanka."

Ya miƙa masa wayar. Baba ya riƙe da hagu ya kalla tun daga kofin shayi har zuwa agogo. Ya mayar masa, ya yi godiyar zuwa. Da baƙon ya tafi ya kira Auta. Maganarsa a lokacin takan fito ne a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Kin ce mu uku."

"Baba, ban sani ba sai a ranar. Wallahi ban sani ba."

"Yaushe ne ranar?"

Ta faɗa masa. Ya ƙirga da yatsun hagu.

"Kwana shida kina taɓa hannuna."

Ya ɓalle mariƙin robar ya ajiye a kan tebur. Ya ce wa Umma ta kwashe farantin maɓallan daga gabansa.

Yaya da ya dawo ya ji labari ya ɗauki makullin mota zai tafi makarantar, Umma ta tsaya a bakin ƙofa ta ce sai dai ya bi ta kanta. Baba ya koma cin abinci da hagu. Auta tana gani yatsun daman suna komawa cikin tafin hannu kaɗan-kaɗan, aikin wata bakwai yana zubewa, ba ta da bakin magana. In ta gaishe shi yakan amsa, iyakarta ke nan.

Bayan mako uku, wata safiya ta fito ta same shi zaune ya sa rigarsa ta fita, Umma ta ɓalla masa maɓallan. Sandarsa tana jingine a gwiwa.

"Ina ne ofishin kwamitin da kika faɗa wa mahaifiyarki?" ya ce.

Kwamitin mutum biyar ne, a wani ɗaki mai dogon tebur a bene na biyu. Babu na'urar hawa, Yaya ne ya tallafe shi matakala bayan matakala, a sashen da ake koyar da yadda za a sauƙaƙa wa irinsa rayuwa. Malamin nan mai furfura ne shugaba. Lauya tana zaune a ƙarshen tebur, idanunta sun kumbura. Da ta ga Baba ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau," ya ce, ya zauna.

Aka miƙa masa takardar. Ya ce hannunsa ne. Ya ce a ninke aka ba shi ita, layin ƙasa kaɗai ya gani, an ce masa gwajin rubutu ne. Ya ɗauki lokaci kafin ya gama, ba wanda ya katse shi.

"Ranar nan na yi murna," ya ce. "Na ɗauka hannuna ne ya dawo."

Shugaba ya tambayi Lauya ko haka ne. Ta buɗe baki, Auta ta zaci za a sha dogon bayani, sai ta ce, "Haka ne." Daga nan shugaba ya juya ga Malama, wadda ita ma aka kira, ya tambaye ta ko da ta amince da kundin ta san majinyacin mahaifin wata ɗalibarta ne.

Malama ta gyara tabarau. Da muryarta mai taushi ta ce ba ta da masaniya ko kaɗan, ɗalibai goma sha biyu take dubawa, ba za ta san dangin kowa ba. Ta ƙara da cewa akwai abin da ya kamata kwamiti ya lura da shi. Ita 'yar majinyacin ta yi wata bakwai tana duba marar lafiya a gida ba tare da wani ƙwararre a kanta ba, ita ce kuma ta fara yarda a ɗauki bidiyo babu takarda.

Auta ta miƙe. "Malama, ke kika kira ni ofis. Ke kika ce mini mai gyaran agogo, aikin yatsu zalla."

"Ban tuna mun yi haka da ke ba."

"Zauna," in ji shugaba. Ta zauna. Ba ta da shaida, su biyu ne a ofishin ranar.

Hukunci ya fito bayan kwana goma. Aka sauke bidiyon daga shafin sashe, ko da yake ya riga ya shiga wayoyin da ba wanda ya san adadinsu. Aka soke kundin Lauya, za ta sake wani a shekara mai zuwa. Aka rubuta wa Auta takardar gargaɗi aka sa a fayil ɗinta. Ba a ambaci Malama ba. Shugaban cibiya ya ɗauki wasu samari biyu, aka ce ya ce ba ya son rigima ta biyo shi wurin aiki.

Lauya ta aiko saƙo ya fi a ƙirga, ta zo ƙofar gida sau biyu. Umma ta fita ta ce mata ba kowa, ta dawo ta zauna a kicin tana share ido da gefen zani, don ita ma ta saba da yarinyar.

Auta ta samu aiki a wata ƙaramar makarantar yara masu buƙata ta musamman a can ƙarshen gari, bas biyu take hawa kafin ta isa. Tana koya wa yara riƙe fensir da ɗaure igiyar takalmi. A makonta na farko wata yarinya ta cije ta a hannu, a na uku ta yarda ta zauna a cinyarta.

Baba ya koma motsa hannun, amma ya ce a asibiti zai yi. Duk Talata Yaya yakan nemi izini a wurin aiki ya kai shi wurin wani ma'aikaci da ya girme su Auta da shekara biyar a sashen. Kafin su fita Auta takan tare Yaya a bakin mota ta ba shi 'yar takarda: babban yatsa ya fi tauri da safe, kada a matsa masa in ya fara cije leɓe, ya fi son a ba shi abu na gaske ya kwance a kan kayan wasa. Yaya yakan sa a aljihu ya miƙa wa ma'aikacin in Baba ya shiga banɗaki.

Wata Talata suka dawo da la'asar, Auta tana wanke kwanuka a tsakar gida. Yaya ya zaunar da Baba, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Mutumin nan fa ya ce duk wanda ya fara aikin hannun nan ya san abin da yake yi. Ya ce ba don shi ba da yanzu sai dai a yi haƙuri."

Auta ta tsaya da soso a hannu.

"Na sani," in ji Baba. Ya miƙa hannun hagu ya ƙara muryar rediyo.